In Fatar Tarwada Ta Fara Saɓulewa

 Saƙonki ya iso, na kuma ji abin da ke damunki. Kin ce tarwadar da kika zuba a tankin bayan ɗaki ta fara sauya kama. Wasu jikinsu ya yi fari-fari, wasu fatar ta saɓule har jan nama ya fito. Kusan kullum da safe sai kin tsame matacce. Wannan ta ce ki zuba kafso, waccan ta ce shuwaka, wani ya ce gishiri, kin rasa ta wa za ki ɗauka. To, ki kwantar da hankalinki. Duk mai kiwon kifi yana gamuwa da irin wannan rana. Ba bakin mutane ba ne, kada ki fara zargin maƙwabta. Waɗanda suka ba ki shawarar ma alheri suke nufi. Zauna mu bi abin a sannu.

Ki ajiye kafson nan tukuna. Magani yana da ranarsa, za mu zo wurin. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wani abu ne ya riga ciwon zuwa. In ba ki gano shi ba, ko kin zazzage kemis guda a tankin, bayan mako biyu ciwon zai dawo. Kuɗin magani ya tafi, kifi ya tafi.

Ki fara sanin dabbar da kike kiwo. Karfasa tana da ɓawo a jiki, ita tarwada ba ta da shi. Rigarta ɗaya ce, yauƙin nan da ke sa ta suɓuce miki in kin kama. Mu ƙyamarsa muke, mu goge shi da toka ko lemon tsami kafin a sa a tukunya. A wurinta kuwa shi ne kariya. Shi ke tare ƙwayoyin cuta, shi ke taimaka mata ta riƙe gishirin jikinta kada ya tsiyaye cikin ruwa. Su ƙwayoyin cutar kullum suna nan, a tankinki, a na kowa, har a Dam ɗin Zobe. Muddin yauƙin yana lafiya, ba kasafai suke iya komai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da za mu nema ke nan, me ya tsaga bangon.

Akwai kuma wani hali na tarwada da ke ruɗin masu kiwo. Allah ya yi mata wata gaɓa mai rassa-rassa a cikin kai, da ita take shaƙar iska kai tsaye in ta leƙo sama. Shi ya sa masuntan Zobe za su kamo ta da asuba, ta iso kasuwar Dutsin-Ma tana motsi a baho da ɗan ruwa kaɗan. Shi ya sa kuma mutane ke cewa ko a wane ruwa za ta rayu. Za ta rayu ɗin, amma a wahale. Ruwan da zai kashe karfasa a dare ɗaya, ita sai ta daure masa kwana da kwanaki. Tana daurewa, yana cin jikinta. Ranar da kika ga fari a bayanta, ta daɗe tana haƙuri.

Saboda haka ruwan za ki fara tuhuma. Gobe da sassafe ki je bakin tankin. Ki sunkuya ki shinshina. Ruwa mai lafiya ba shi da wari mai hawa kai. In kin ji zarni, ko warin ruɓaɓɓen ƙwai, magana ta fito. Ki dubi samansa, ko kumfa ta taru ta ƙi fashewa. Ki sa tiyo ki zuƙo na can ƙasa cikin farar roba, ki ga abin da ya kwanta. Yawanci za ki tarar da baƙar laka, kashinsu ne da abincin da suka bari. Sannan ki dubi su kansu. Masu lafiya suna ƙasa, su taso su shaƙi iska su koma a guje. In kin ga sun yi cirko-cirko a saman ruwa, kai sama, jela ƙasa, gashin baki a waje, kin matso ba su nutse ba, to akwai abin da ya dame su.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kifi yana fitar da wani sinadari da ake kira amoniya, yawancinsa ta wurin numfashinsa. Ragowar abinci in ya ruɓe, ya ƙara. A dam, ruwa da yawa, ga tsirrai da ƙananan halittu masu shanye shi. A tankin tamfol kuwa babu inda za shi. Ke uwa ce, kin san abin da ke samun cinyar jariri in an bar shi ya daɗe cikin jiƙaƙƙen nafkin. Haka amoniya ke yi wa fatar tarwada da wurin numfashinta. Dafinsa kuma yana ƙaruwa in ruwa ya yi zafi, ko in ya yi kanwa-kanwa. Ido ba ya ganinsa. Ruwa yana iya zama garau, amoniya na ciki. Ki tambaya wurin masu sayar da abincin kifi a Katsina ko Kano, ki nemi 'yar kwalbar gwajin amoniya, da takardar gwajin pH mai nuna ko ruwa ya yi tsami ko ya yi kanwa. Tsakanin 6.5 da 8.5 ake so. Ki haɗa da ma'aunin zafi. Tarwada ta fi sakewa a digiri 26 zuwa 30. Kuɗin ukun nan bai kai na kifin da kika binne a makon nan ba.

Kafin kayan awon su iso, akwai abin yi yau. Ki dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu. Na san zuciyarki ba za ta so ba. Mu mata in abu ba shi da lafiya, ɗura muke masa. Amma kifi ba ya mutuwa don yunwar kwana biyu, kuma duk ƙwayar da kika watsa ba su ci ba, guba za ta koma. Ki zuƙe lakar ƙasa. Ki fitar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ko rabi in ya ɓaci sosai, ki mayar da sabo a hankali. Kada ki zubar da duka lokaci guda ki bar su suna birgima a ƙasan tanki, suna soke juna da ƙaya. Gobe ki sake, jibi ki sake. Matacce kuwa, da kin gan shi ki cire, don 'yan'uwansa za su ci, su ci cutar tare. Ki binne shi da zurfi, kada a jefa wa kaji ko kyanwa. Masu rauni ki ware su a wani baho daban, da komarsu daban.

Sai ki karanta ciwon. Ki wanke hannu, ki ɗauraye sabulun tas, ki bar hannun a jiƙe. Busasshen hannu yana kwashe yauƙi. Ki kamo ɗaya mai ciwo wanda bai mutu ba, ki sa shi a farar roba da ɗan ruwa, ki fito haske. Ki fara daga baki. Tarwada tana da gashin baki takwas. Ki duba ko suna nan da tsawonsu, ko sun guntule, bakinsu ya yi fari. Ki bi bayanta da ido har jela. Ki ɗaga murfin gefen kai a hankali, ki leƙa naman da take numfashi da shi. Na mai lafiya ja ne jawur. In ya koɗe, ko ya yi ruwan ƙasa, ko ya zagwanye, ki riƙe wannan a ranki. Ki juya ta ki ga cikin.

In fari ne ko toka-toka ya shimfiɗu a baya, fukafukai sun yayyage, baki da gashin baki suna cinyewa, an fi zaton wata ƙwayar cuta da masana ke kira kolumnaris. Tana son ruwa mai ɗumi da cunkoso, kuma tana da sauri. In kuwa jajayen tabo ne, sun zama gyambo mai zurfi, ciki ya kumbura da ruwa, wani lokaci ido ya firfito, an fi zaton wadda ake kira eromonas. Wannan ki yi hattara da ita, tana iya shiga hannun mutum in da yanka. In farar fumfuna ce mai gashi-gashi, tana tashi a cikin ruwa, in an fito da kifin ta kwanta, wannan ta sanyi ce, kan rauni take hawa. In kin ga suna goga jiki da bangon tanki, yauƙi ya yi musu yawa, ko ƙananan fararen ɗigo-ɗigo sun feso, ƙwari ne ƙanana da ido ba ya iya rarrabewa. In kuwa ƙarzuwa ce doguwa, ko jela a gutsure, kuma ƙananan ne kawai abin ya sama, to manyansu ne ke cin zalinsu. Tarwada tana cin 'yar'uwarta, ba ta jin kunya.

Na faɗa miki waɗannan don ki san inda za ki dosa. Alamun suna shiga juna, sau da yawa biyu ne ko uku a jiki ɗaya. Mai madubin likita ne ke iya yanke hukunci.

Bari in ɗan ratse, zai yi miki amfani. Kin san murjanin da kakanninmu ke ratayawa a wuya. Na ainihin daga Bahar Rum yake, fatake ne ke keto Sahara da shi zuwa Katsina da Kano. Mutane da yawa sun ɗauka dutse ne. Ashe ƙashin wata halitta mai rai ne a ƙarƙashin teku. Danginsa suna da yawa, wasu har tsauni suke ginawa a cikin ruwa. A Turai da Amurka akwai masu kiwonsu a falo, cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri, don sha'awa kawai. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. To su ma suna kuka da irin kukanki. Naman halittar sai ya riƙa saɓulewa, ya bar farin ƙashi. A teku ma abin ya faru. A shekarar 2014 wata cuta ta ɓulla kusa da birnin Mayami a jihar Fulorida, ta bazu zuwa tsibiran Karebiyan, ta kama iri fiye da 20. Har masana suka riƙa nutso suna shafa wa bakin ciwon maganin amoksisilin da aka kwaɓa.

Abin da na ɗauka daga masu akwatin gilashin shi ne tsarinsu. Sun raba abin biyu. Akwai saɓulewa mai sauri, ta kwana ɗaya ko biyu. Akwai mai sanɗa, ta makonni. Kuma waɗanda suka ƙware a cikinsu ba sa fara taɓa magani. Sai sun auna zafin ruwa, da gishirinsa, da sauran sinadaransa. Sai sun haska tocila da dare ko wani ƙwaro ne ke ci. Sai sun tambayi kansu me suka canza a 'yan kwanakin nan. Sannan su yanke ɓangaren da ya rage da rai su raba shi da mai mutuwa.

Ke ma ki auna saurin abin. In jiya lafiya lau, yau da safe manya da ƙanana duk sun birkice lokaci guda, da wuya cuta ce. Wani abu ne ya shiga ruwan. In kuwa yau ɗaya, gobe biyu, jibi biyar, haka cuta ke tafiya. In wata da watanni ne suna ramewa, wani ya karkace, wani ƙoƙon kansa ya tsage, ki dubi buhun abinci. Sannan ki yi wa kanki tambayar nan: me na canza? Sabon ruwa? Sabon buhu? Sabon kifi? An ware su kwanan nan? An ari komar wani?

Abubuwan da ke shiga ruwa a gidajenmu ba ɓoyayyu ba ne. Bokitin da maigida ya haɗa maganin feshi da damina, aka ɗauraye sama-sama aka ɗebo ruwa da shi. Fiya-fiyar da aka watsa wa sauro da magariba kusa da tankin. Ruwan omo da ya fallatsa wajen wanki. Yaro ya jefa wani abu don ya ga kifi ya taso. Maganin ƙwari ɗan kaɗan ya isa ya tayar da tanki guda. Ki ware wa kifin bokitinsu da tiyonsu, ki yi musu alama, ko baƙo ya zo ya san ba a taɓawa.

Sai ruwan da kike zubawa. Dam ɗin Zobe da aka gama a 1983 a kan gulbin Karaduwa, an ƙaddamar da aikin tace ruwansa a 2021. Ruwan famfo da aka tace ana sa masa kulorin, alheri ne gare mu, shi ke kashe cutar da za mu sha. Ga kifi kuwa ƙuna ne. In na famfo kike samu, ki tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ya wuni kafin ki zuba. In na rijiyar burtsatse ne, shi kuma iska ce ta yi masa kaɗan, don daga ƙarƙashin ƙasa ya fito. Ki bar shi ya zubo daga sama yana fantsama. In kin ga yana barin jan tabo a roba, ƙarfe ne a cikinsa, ki bari ya kwanta tukuna. In kuma wata rana Allah ya buɗa kika gina kwamin siminti, kada ɗoki ya sa ki zuba kifi a sabo. Sabon siminti yana sakin ƙarfinsa cikin ruwa, ya mai da shi kanwa zalla, ya ƙone fata. A cika, a bari ya kwana biyu, a zubar, a goge, a sake, har mako biyu ko uku. Sannan a gwada da 'yan kifi kaɗan. Gaggawa aikin shaiɗan.

Yanayin ƙasarmu ma da nasa. Daga Kurfi har Dutsin-Ma kin san yadda daren hunturu yake a Disamba da Janairu. Ruwan tanki ba shi da yawa, yana yin sanyi da wuri. In ya sauka ƙasa da digiri 20, tarwada ta rage ci, ƙarfin jikinta ya ragu, fumfuna ta samu ƙofa. A lokacin ki rage abinci, ki bari sai rana ta ɗaga ki ba su. Ki rufe tankin da dare da leda ko tabarma, amma ki bar sarari tsakanin ruwa da murfi, ki bar kafar iska, tunda sai sun leƙo sun shaƙa. Canjin ruwa ma da rana ya fi. Ki taɓa na tanki ki taɓa sabon. In bambancin ya yi yawa, ki zuba kaɗan-kaɗan. Da bazara kuwa, Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40 a waje. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, amoniya kuma ya ƙara dafi. Ki yi musu rumfa ta zana. Ki ciyar da sassafe da yamma lis.

Yanzu zan taɓo inda ba a so. Cunkoso. Mai sayar da 'ya'yan kifi zai ce tankinki zai ɗauki dubu. Gaskiya ya faɗa, ranar da suke kamar yatsa. Bayan wata uku fa? Kowane ya ninka, cinsa ya ninka, kashinsa ya ninka, ruwan kuwa yana nan yadda yake. Ki san yawan ruwanki. Jarka mai lita 25 guda 40 ita ce lita 1000. Ni dai shawarata, ga mai canza ruwa da hannu, mai sayen ruwa wurin 'yan garuwa, kada ki wuce 50 a lita 1000 in so kike su kai kilo-kilo. Wasu suna zuba fiye da haka su ci riba, amma ki duba, ruwansu gudu yake dare da rana. In sun yi miki yawa, ki sayar da wasu tun suna da lafiya, ko ki banda su. Kifi 100 masu ƙiba sun fi 300 masu gyambo kuɗi.

Ware manya daga ƙanana wajibi ne, musamman a watannin farko. Amma a nan ake yawan ji musu ciwo. A yi da sassafe, cikinsu babu abinci. A yi da koma mai laushi da jiƙaƙƙen hannu. Kada a tara su a busasshen baho. Sau da yawa in kin bi sawun farin nan, za ki tarar kwana uku ko huɗu kafinsa aka ware su.

Abinci kuwa, araha ba ta ado. Ki shinshina buhu kafin ki saya. In ya yi warin fumfuna ko ya dunƙule, ki bar shi. A gida ki ɗora shi kan katako, nesa da bango da rana. Bitamin C da ke ciki yana lalacewa da zafi da daɗewa, rashinsa kuwa shi ke hana rauni warkewa, ana kuma danganta shi da tsagewar kai. In kina haɗa naki da ƙuli-ƙuli da masara, ki tabbata ba su yi fumfuna ba, gubarta hanta take ci. Hanjin kaji in za ki ba su, ki dafa. Mushen kaza kuwa, a'a.

To, ga gishiri. A cikin shawarwarin da aka ba ki, shi ya fi kusa da daidai. Kifin da fatarsa ta buɗe, ruwa yana shigarsa, gishirin jikinsa yana fita. Ɗan gishiri a ruwa yana rage masa wannan wahala, yana kuma takura wa wasu ƙwari da ƙwayoyin cuta. Amma da awo. Kilo 1 zuwa 2 a lita 1000. Ki narkar a bokiti, ki zuba a hankali ki zagaya. Gishiri ba ya tashi da kansa. In kin canza rabin ruwa, rabin gishiri za ki mayar, in ba haka ba taruwa zai yi ta yi. Bayan 'yan kwanaki, in sun farfaɗo, ki daina. Ruwan kifi taki ne mai kyau ga zogale da alayyafon bayan gida, amma wanda aka sa wa gishiri ko magani kada ki ba shuka.

Shuwaka da dogon yaro, masu kiwo da yawa a ƙasar nan suna amfani da su, ban raina ba. Sai dai ganye ba shi da awo tsayayye, na dogon yaro in ya yi yawa yana kashe kifi, kowane ganye kuma in ya ruɓe a tanki ƙazanta ya ƙara. Da yawan waɗanda suka ce shuwaka ta yi musu aiki, in kin bincika, ranar suka canza ruwa.

Kafso shi ne na ƙarshe, kuma ba ke za ki zaɓa ba. Ba ya kashe fumfuna, ba ya kashe ƙwari, ba ya cire amoniya. In ma cutar tasa ce, a abinci aka fi haɗa shi, gwargwadon nauyin kifin, na kwanaki sanannu. Wanda aka ɓare aka watsa a ruwa da ka, yawancinsa asara ne. Abin da ya fi asarar muni, ƙwayoyin da suka sha kaɗan ba su mutu ba sai su saba. Gobe a kawo maganin gaske ya ƙi ci. Ruwan nan kwata za shi, yara suna wasa a wurin. Sannan maganin yana zama a naman kifi. A Amurka, in an ba kifi irin tarwada oksitetarasaikilin, doka ta ce sai an jira kwana 21 kafin a sayar. Kuloramfenikol kuwa ƙasashe da yawa sun haramta shi ga duk dabbar da za a ci. Ki tuna wa zai ci kifinki. Mai jego ce za a yi wa farfesu, ko mara lafiya da aka ce ya ci kifi ya ji ƙarfi. Amanarsu tana wuyanki. Na san ke mai tsoron Allah ce, shi ya sa na faɗa miki kai tsaye. Fomalin da sauran sinadarai masu ƙarfi, ki bar wa masu ma'auni.

Zan gaya miki gaskiya, ba duka za su tashi ba. Wanda gyambonsa ya kai ƙashi, wanda ya daina ci ya kwanta gefe, ki cire shi ki haƙura. Kada ki banda shi ki kai wa mutane. Masu ɗan fari a baya kuwa, in ruwa ya gyaru, fatarsu tana komawa cikin makonni, sai dai tabo. In kika ga mutuwa tana raguwa bayan kwana uku ko huɗu na canjin ruwa, kin kama bakin zaren. In kin kwashe wannan zubin, ki wanke tankin, ki shanya shi a rana ya bushe ƙayau kafin sabon zubi. Sabon kifi ya yi mako biyu a wani mazubi kafin ya haɗu da na gida. Wanda aka kamo a dam ko gulbi kuwa, kada ki haɗa shi da naki ko kyauta aka ba ki.

In kuma kin gyara ruwa, kin rage cunkoso, kin sa gishiri, mutuwa tana ƙaruwa, lokacin tambaya ya yi. Matambayi ba ya ɓata, kuma ke kin yi sa'a, masana suna kusa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 tana da sashen nazarin kifi da kiwonsa. Akwai malaman gona na hukumar KTARDA, akwai likitocin dabbobi. Can New Bussa a jihar Neja, kusa da Kainji, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, wadda tushenta ya faro tun 1968. Kada ki ji nauyi don tankinki ƙarami ne. In fita ta yi miki wuya, ki roƙi maigidan ko ƙanenki ya je.

Amma kada a je hannu rabbana. Mataccen kifi ba ya nuna abu da yawa, yana ruɓewa da wuri, ƙwarin jikinsa su watse. A ɗauki biyu ko uku masu ciwo da ransu, a bokiti, cikin ruwan tankinsu. A cika wata kwalba mai tsabta da ruwan tankin, wata da ruwan da kike zubawa. Ki ɗauki hoton ciwon da waya. Ki rubuta a takarda ranar da kika zuba su, yawansu, girman tankin, irin abincin, ranar da abin ya fara, nawa ke mutuwa kullum, da duk abin da kika riga kika zuba, ko kafson ne kada ki ɓoye. Ba wanda zai yi miki faɗa. A tafi da safe, kafin rana ta ɗumama ruwan bokitin.

Ki gaishe da maigidan da yara. Allah ya sa albarka a kiwon.